Amsa ga mai tambaya kan Harbaugh: wa koci ya ci wa amana?

Ƙanena, ka ce kai da abokin aikinka kun kusa ɓatawa a kan Jim Harbaugh, tsohon kocin ƙwallon Amurka na jami'ar Michigan. Shi ya dage cewa butulu ne, tunda jami'ar Michigan ta ɗauki kofin ƙasa ranar 8 ga Janairun 2024, kwana 16 kacal bayan nan ya naɗe tabarmarsa ya koma Los Angeles Chargers ta NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Kai kuma kana ganin neman na kai ne kawai. Tambayarka ita ce ko kocin ƙwallon Amurka da ya bar yaran jami'a ya tafi wurin ƙwararru ya ci amana. Bari in faɗi abin da na gani, don na ɗan zauna kusa da harkar.

Lokacin da nake digiri na biyu a wata jami'a a jihohin kudu na Amurka, aikin da nake rufa wa kaina asiri da shi shi ne koyar da 'yan wasan makarantar lissafi da daddare. Ƙarfe bakwai za su shigo ɗakin karatu, ƙarti majiya ƙarfi, wani da ƙanƙara ɗaure a gwiwa, wani yana gyangyaɗi a kan littafi don tun asuba yake ɗaga ƙarfe. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 18 daga wani ƙaramin gari, mahaifiyarsa tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Shi ya ba ni labarin yadda aka kawo shi. Mataimakin koci ne ya yi ta zarya gidansu, tafiyar awa huɗu a mota. Ya zauna a falonsu, ya ci abincin uwar har da neman ƙari, ya riƙe hannunta ya ce ta ba shi amanar ɗanta, shi zai tsaya masa har ya gama. Jami'o'i uku ke zawarcin yaron, uwar ta ce wannan mutumin ta yarda da shi. Ranar Larabar farko ta watan Fabrairu, wadda a lokacin ita ce ranar da sababbin 'yan wasa ke sa hannu da jami'o'i a ƙasa baki ɗaya, yaro ya rattaba hannu aka tura takarda ta na'urar fas. Mako bai zagayo ba mutumin ya karɓi aiki a wani kulob na NFL. A talabijin suka gani. Kuma duk wanda ya san harkar ya san ba a ƙulla irin wannan aikin a kwana biyar. An gama magana tuntuni, an dai ce ya yi shiru har takardun yara su shigo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dokar wancan zamanin. Takardar da yaron ya sa wa hannu da jami'a ta ɗaure shi, babu sunan koci a ciki. In ya ce zai canja makaranta, sai ya yi shekara guda cur bai buga wasa ba. Babba ya tafi yau ya fara aiki gobe da albashi ninki, yaro kuwa an ɗaure shi a turke. Wanda aka kawo a madadin mutumin bai san shi ba, yana da nasa yaran da yake so, sai aka canja masa gurbi a fili, ya ƙare a benci.

Tun daga nan na daina tambayar ko koci ya tafi ko bai tafi ba. Abin da nake dubawa shi ne me ya faɗa kafin ya tafi, a wane lokaci ya tafi, kuma ya iya tsayawa gaban yaran ya yi musu sallama ko kuwa layar zana ya yi.

In ka auna da wannan, Bobby Petrino ne sarkin tafiya. A watan Yulin 2006 ya sa hannu a kwantiragin shekara goma da jami'ar Louisville. Wata shida bayan nan, a Janairun 2007, ya koma Atlanta Falcons. Can kuma ya tarar da ba haka ya zata ba, domin Michael Vick, mai jefa ƙwallon da aka ɗauko shi ya gina ƙungiya a kansa, ya faɗa shari'ar haɗa karnuka faɗa, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Wasa 13 Petrino ya yi, ya ci 3 aka cinye shi 10. A watan Disamba 'yan wasa suka zo ɗakin canja kaya suka tarar da 'yar guntuwar takarda a makabad ɗin kowa, wai sallamar ke nan. A daren da ya ajiye aikin aka gan shi a talabijin a Arkansas yana taya magoya bayan sabuwar makarantarsa kirarinsu. Gida biyu ya bari da ƙura cikin shekara ɗaya. Wannan ko uwarsa ce alƙali sai ta ce bai kyauta ba.

Na Nick Saban ya fi wuyar yanke hukunci. Ya ɗaukar wa LSU, jami'ar jihar Louisiana, kofin ƙasa na kakar 2003, ya tafi Miami Dolphins a ƙarshen 2004. Mutanen Louisiana sun ji zafi amma sun haɗiye, don kowa ya san mutumin yana da burin gwada kansa a sama. Abin da ya ɓata masa suna ya zo ne daga baya. Ranar 21 ga Disamban 2006, da 'yan jarida suka matsa masa, ya buɗe baki ya ce shi ba zai zama kocin jami'ar Alabama ba. Ranar 3 ga Janairun 2007 ya zama kocin Alabama, a kan dala miliyan 32 na shekara takwas. Ya yi amai ya lashe cikin kwana 13. Ga 'yan LSU kuwa abin ya zama biyu, don ungulu ta koma gidanta na tsamiya amma ba tsamiyarsu ba, ta sauka a ta abokan gaba. Sai dai kuma mutumin nan ya zauna a Alabama shekara 17, ya ci kofin ƙasa shida, bai sake waiwayar NFL ba har ya yi ritaya a Janairun 2024. To me za ka kira shi? Ni dai na ce ya yi ƙarya rana ɗaya, kuma har gobe ana tuna masa.

Akwai kuma masu ganin hadari ya haɗu su kwashe shanyarsu. Pete Carroll ya bar USC, jami'ar Kudancin California, ya koma Seattle Seahawks a Janairun 2010. A watan Yunin shekarar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta saukar wa makarantar da hukunci a kan batun Reggie Bush, tsohon ɗan wasanta da aka ce ya karɓi kyaututtukan da doka ta hana: shekara biyu ba wasannin ƙarshen kaka, an kuma yanke mata guraben tallafin karatu 30. Carroll ya sha cewa tafiyarsa ba ta da alaƙa da binciken, kuma ba a ɗora masa laifin kai tsaye ba. Amma yaran da suka ɗanɗana kuɗar suna makarantar sakandare, wasu ma ba su kai ba, lokacin da Bush yake wasa. Shi kuwa a Fabrairun 2014 ya ɗaga kofin Super Bowl, wato babban kofin NFL. Greg Schiano ma, bayan kaka 11 a jami'ar Rutgers, ya tafi kulob ɗin Tampa Bay a ƙarshen Janairun 2012, saura ƙasa da mako a yi ranar sa hannu, yaran da ya yi shekara yana lallashi suka rasa inda za su sa kansu.

Kada ka ɗauka jami'o'in su ne salihai. A nan nake rabuwa da abokinka. Ed Orgeron ya ci wasa 15 ba a cinye shi ko sau ɗaya ba a kakar 2019, ya kawo wa LSU kofi, a Oktoban 2021 aka sanar da an raba gari da shi. Gene Chizik ya ci wa Auburn kofin 2010, aka kore shi a 2012. Lane Kiffin kuwa a filin jirgin sama USC ta sallame shi a Satumban 2013, da tsakar dare, suna dawowa daga wasan da aka lallasa su. Jami'ar Texas A&M ta gwammace ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a Nuwamban 2023 don kawai ya bar mata wurin. Mutumin da ya ga ana yi wa abokan sana'arsa haka, in ka ce ya zauna saboda kara, ka ce ya jira ranar da za a yi masa ke nan. Shi kansa Harbaugh, da ya ci wasa 2 ya faɗi 4 a kakar 2020, Michigan ta zaftare kusan rabin albashinsa. A lokacin ban ji wanda ya ce makarantar ta yi wa tsohon ɗalibinta butulci ba, alhali a nan ya yi wasa a shekarun 1980.

Kuma ba kullum kuɗi ne ke jan su ba, don manyan jami'o'i suna biya daidai da kulob-kulob, wani lokacin ma fiye. Gajiya ce. Kocin jami'a rabin rayuwarsa a hanya take, yana roƙon yara 'yan shekara 17, yana lallaɓa attajiran da ke ba makaranta gudummawa, yana bin wanda bai shiga aji ba. A NFL ƙwallo ce zalla. Sai dai can ɗin ma ba wurin hutu ba ne. A jami'a mai ƙarfi shi ke kwashe zaratan yara kowace shekara, a NFL kuwa ƙungiyar da ta zo ta kashin baya ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, ga kuma iyakar abin da kowa zai kashe a albashi. Shi ya sa da yawa tafiyar tasu takan zama ci gaban mai haƙan rijiya. Steve Spurrier ya bar jami'ar Florida ya karɓi kwantiragin dala miliyan 25 a kulob ɗin Washington, ya yi kaka biyu da nasara 12 da faɗuwa 20, ya ajiye. Matt Rhule ya bar jami'ar Baylor ya koma kulob ɗin Carolina a 2020, aka kore shi a Oktoban 2022. Irin su Jimmy Johnson, da ya bar jami'ar Miami a 1989 ya ci Super Bowl biyu da Dallas, a yatsu ake ƙirga su.

To, Harbaugh. Kaka tara ya yi a Michigan. Ya doke babbar abokiyar hamayyarsu Ohio State sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023, abin da mutanen can suka fi so fiye da komai, sannan ya kawo kofin da aka ɗauko shi dominsa. Bai taɓa ɓoye cewa Super Bowl ɗin da yayansa John, shi ma koci, ya ƙwace masa a Fabrairun 2013, lokacin yana koci a NFL kafin ya zo Michigan, da ci 34 da 31, yana ci masa tuwo a ƙwarya ba. Ya tafi bayan an gama kaka, kuma mataimakinsa Sherrone Moore, wanda yaran suka sani, shi aka ɗora. A kan wannan ba zan ce masa butulu ba. Inda nake ba abokinka gaskiya wuri biyu ne. A Fabrairun 2022, ranar sa hannu sukutum, yana Minnesota yana ganawa da kulob ɗin Vikings na NFL a kan neman aiki, da abin bai yiwu ba ya dawo ya ce an gama, ba zai sake ba, shekara na zagayowa aka ji sunansa a kulob ɗin Denver. Na biyu, ya tafi ya bar binciken NCAA a buɗe, wanda tun a kakar 2023 ya sa aka dakatar da shi wasa shida. Hukuncin da aka yanke masa daga baya na hana shi aiki a jami'a ne, abin da ba ya taɓa mai aiki a NFL, tarar kuɗi kuma makarantar ce ta ɗauka.

Yanzu dai turken ya tsinke. Tun 2021 ɗan wasa yana iya canja makaranta ya buga a shekarar, kuma daga 1 ga Yulin 2021 yana iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. Da Saban ya yi ritaya, cikin 'yan kwanaki wasu daga cikin fitattun yaran Alabama suka watse zuwa wasu makarantu. Sai ga kociyoyi sun koma su ne ke kuka a gaban 'yan jarida, wai yaran zamani ba su da amana.

Yaron nan nawa ya daure ya gama digirinsa, bai taɓa shiga NFL ba, yanzu yana horar da 'yan sakandare a jiharsu. Bara muka yi waya, yake ce min ɗaya daga cikin ɗalibansa ya canja jami'a sau biyu cikin shekara uku, magoya baya suna ta zaginsa a intanet. Na ce to kai me ka ce masa? Ya yi dariya ya ce shi ya kai shi filin jirgi a karo na biyun.