Kyamara marar madubi da ƙurar hunturu: in sayi Sony a7 III ko in haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Kano, shekara shida ke nan ina aiki da Canon 6D. Na ɗan tara abin da na tara, ina so in sayar da ita in cika in sayi Sony a7 III ta hannu, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Abokan sana'a suna ce mini kyamara marar madubi irin a7 III, wato wadda babu madubi a bayan lens ɗinta, ba ta jure ƙasarmu, ƙura da zafi suna kashe ta. Akwai ma abokina da tasa ta fara fitar da ɗigo-ɗigo a hoto, ya kai kasuwa aka goge masa, yanzu wani zane ne ke fitowa a kowane hoto. Malam, wannan kuɗin shi ne jarina gaba ɗaya, da shi nake ciyar da iyali. In saya ko in haƙura?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a neman halal. Tsoron da kake ji yana da dalili, domin wanda zai ɗora jarinsa a kan abu guda dole ya yi tambaya. Amsata ita ce ka saya, in dai ka sami mai lafiya. Sai dai ka saurari abin da zan faɗa a kan kyamarar abokinka, don can ne asarar take.

Abin da za ka fara ji a hannunka ran da ka bar 6D shi ne fokos. Ka san halin taka: makin kama fokos 11 gare ta, kuma na tsakiya ne kawai kake yarda da shi in haske ya yi ƙasa. A a7 III maki 693 ne shimfiɗe a kusan kashi 93 cikin ɗari na hoton, ga kuma bin ƙwayar ido. Amarya tana shigowa wajen kamu, ƙawaye sun kewaye ta, ana liƙi ana turereniya, kai kuma kana kan f/1.8, wato ƙofar lens a buɗe sosai, kyamarar za ta riƙe idonta tana tafe. Wannan kaɗai ya rage maka hotunan da kake zubarwa bayan biki. Sannan tana da ramin memori biyu, kana iya sa ta rubuta kowane hoto a duka biyun. Wanda memori ya taɓa mutu masa da hoton ɗaurin aure a ciki ya san darajar wannan, ita kuwa 6D rami ɗaya gare ta.

Ƙarfinta na biyu ya dace da irin aikinmu ƙwarai. Ɗaurin aure a ƙofar masallaci da rana tsaka, farar shadda tana walƙiya, fuskokin mutane kuma suna cikin inuwar hula da rawani. A 6D in ka kare farin rigar, ka zo ɗaga fuskar a kwamfuta, sai hoton ya cika da yashi-yashi. Sensar a7 III, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, mai megafiksel 24, tana ba ka damar ɗago inuwar nan sosai in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto. Ga shi kuma kana ganin hasken hoton a tagar ido tun kafin ka danna.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Kyamarar nan ta 2018 ce. Allonta ba ya juyowa gaba, ɗagawa kawai yake sama da ƙasa, kuma ba shi da kaifi, har ka kan ɗauka fokos ya zauna alhali bai zauna ba. Jerin saitinta a hargitse yake, za ka yi mako biyu kana laluben inda abu yake. Launin fata a JPEG ɗinta, a idona, bai kai na Canon daɗi ba, yana ɗan karkata zuwa kore-kore a ƙarƙashin wasu fitilu, don haka sai ka koyi saita farin haske da hannu. Batirinta an auna shi a kan hoto 710, na 6D ya haura 1000, saboda haka ka tanadi batir uku da caja ta daban. A bidiyo tana ɗaukar 4K mai kyau, amma ba ta bin ido a bidiyo, kuma tana tsayawa da kanta dab da minti 30. Kuɗin da mutane ke mantawa da shi kuwa na lens ne. Naka na Canon ba sa hawa sai da adafta irin Sigma MC-11, kuma fokos ɗin ba ya kai na lens ɗin asali, musamman a duhu. Ka sa kuɗin ko da Tamron 28-75mm f/2.8 a lissafinka tun yanzu.

Zafi kuwa, kamfanin ya rubuta cewa tana aiki daga digiri 0 zuwa 40, kuma ka san Afrilun Kano yana haura haka. A hoto da wuya ka ga matsala. A doguwar ɗaukar 4K cikin rana za ta iya nuna alamar zafi ta kashe kanta. Ka janyo allon daga jikinta, ka nemi inuwa, kada ka bar ta a mota a rufe.

To, mu zo kan abokinka. Ba ƙura ce ta lalata masa kyamara ba, wanda ya goge masa ne. Wannan magana ina maimaita ta kusan kullum har bakina ya gaji, amma har gobe ana kawo mini sensa a kakkarce. Mutane sun ɗauka sensa gilashi ce kamar fuskar waya, in ta yi datti a huro mata iskar baki a goge da gefen riga. Wallahi wannan tunani ya cinye jarin samari masu yawa a sana'ar nan.

Gaskiya ne marar madubi ta fi saurin ɗaukar ƙura. A 6D in ka cire lens, madubi ne a gaba, bayansa labulen shota a rufe, sensar kuma tana can ciki, milimita 44 daga bakin. A a7 III milimita 18 ne kawai, kuma a buɗe take tsirara, babu madubi ko rufaffen labule a gabanta. Wadda ta biyo bayanta, a7 IV ta 2021, tana da saitin rufe labule in an kashe ta, amma a7 III ba ta da shi. Saboda haka ɗigon ƙura zai fito, babu makawa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Abin da nake so ya zauna maka shi ne ɗigon nan ba ciwo ba ne. Ƙwayar ƙura ce zaune a kan gilashin kariya da ke saman sensar, tana yin inuwa. A f/2.8 da kake aikin biki da shi ba ma za ka gan ta ba, sai ka matse zuwa f/11 ko f/16 kana ɗaukar sararin sama ko farin bango. Ko ta fito, dannawa ɗaya ce a kwamfuta ta ɓace.

Amma ka san mece ce ƙurar hunturu? Daga Sahara iska ke kwaso ta, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma akwai garin yashi a cikinta. Yashi ya fi gilashi tauri. In ka ɗora ƙyalle a kan ƙwayar yashi ka ja, ka zama mai karce gilashin da hannunka, kamar wanda ya goga samfefa. Gilashin nan kuma yana da siririn shafe a samansa wanda ba ya jure gurza. Zanen da abokinka ke gani a kowane hoto shi ke nan, ya zauna. Babu ruwan da zai wanke shi, sai an wargaza kyamarar an canza gilashin ko sensar baki ɗaya, kuma kuɗin da za a caje shi zai iya sa ya gwammace ya nemi wata. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu karɓar aikin. Mutum gyaran waya ya koya, ko ma cajin batir yake yi, an kawo masa kyamarar da ta fi kuɗin duk abin da ke shagonsa, maimakon ya ce wannan ba fannina ba ne, sai ya ce kawo, minti biyu ne. Ya ɗauko audugar goge kunne ya tsoma a sifirit. Audugar ta bar zare, sifirit ɗin ya bushe ya bar tabo, sai ya ƙara dannawa don tabon ya fita. Bai san cewa sensar a7 III ba a kafe take ba, tana lilo ne a kan maganaɗisu, don ita ce ke motsi ta hana hoto rawa. Dannawar da yake yi da ƙarfi tana iya taɓa wannan ma. Na ga wanda ya sa injin hura iskar da ake busa kwamfuta da shi. Na ga wanda ya fesa iskar gwangwani, ruwan sanyin da ke ciki ya fito ya zauna a kan gilashin. Akwai wani yaro da ya zo mini yana kusan kuka, saura kwana biyu bikin da ya karɓi kuɗinsa, an sa masa ruwan wanke gilashin mota. Wanda ya yi masa haka ya karɓi kuɗin aikinsa, ya ce masa dama haka marasa madubi suke. Daga irin wannan bakin ne jita-jitar da ta tsorata ka take fitowa. Su lalata, sannan su ɗora wa ƙura laifi. Wannan cin amana ne, kuma haƙƙin mutane ne da za a tambaye su a kansa.

Ga yadda ake yi, kuma kai da kanka za ka iya. Ka sayi ɗan famfon roba na hura iska, irin wanda ake matsawa da hannu. Ka fara kunna saitin tsaftacewa da ke cikin kyamarar, wanda ke girgiza sensar. Sannan ka cire lens a ɗaki rufaffe, fanka a kashe, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura sau biyar ko shida ba tare da bakin famfon ya shiga ciki ba. Mafi yawan ƙura a nan take faɗuwa. Ka gwada da hoton farin bango a f/16. In ɗigon yana saman hoto, to a ƙasan sensar yake, don a kife take karɓar hoto. Sai wanda ya ƙi fita bayan an hura ne ake sa wa sandar gogewa ta musamman, mai faɗin milimita 24 daidai da sensarka, da ɗigo biyu na ruwan da aka yi don wannan aikin. A ja sau ɗaya a hankali, a juya ɗaya gefen a dawo, a jefar da ita. Ba a maimaita sanda, kuma ba a taɓa gogewa kafin a hura. In hannunka yana rawa, ka kai wa wanda gyaran kyamara ne sana'arsa, ka ce ya nuna maka kayan aikinsa tukuna. In ka ga auduga da sifirit, ɗauki kayarka ka fita.

A wajen aiki kuma ka rage canza lens. Ranar hawan sallah, dawakai suna tayar da ƙura, ka ɗaura guda ɗaya tun daga gida ka bar shi. In dole ce ta kama, kashe kyamarar, juya wa iska baya, kifa bakin ƙasa, lens na biyu yana hannunka a shirye. Murfin bayan lens ma ka riƙa hure shi, don ƙurar da ke aljihunka ta nan take shiga.

Akwai abu guda da ya fi ƙura haɗari a wajen dina, wato fitilar leza mai zana kore da ja a bango. In haskenta ya shiga lens kai tsaye yana ƙona sensa nan take, ya bar layi ko ɗigon da ba ya gyaruwa, kuma marar madubi sensarta a buɗe take muddin tana kunne. In ka shiga ɗakin taro ka ga an kunna ta, ka roƙi mai kiɗa ya kashe ko ya ɗaga ta sama, kada ka ji nauyinsa.

Ran da za ka je saye, ka tafi da memorinka da kwamfuta. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka buɗe shi babba. Ɗigo mai zagaye ƙura ce, kada ta hana ka saye. Dogon zane ko tabo mai kama da sawun ruwa alama ce an taɓa goge ta da jahilci, wannan ka bar musu abarsu ko nawa aka rage maka. Ka duba adadin harbin shota daga cikin fayil ɗin hoton, domin ana ƙiyasta ƙarfinta a kan 200,000, kuma kyamarar mai biki tana cin wannan da sauri. Ka gwada ramukan memorin biyu, ka ɗauki bidiyon minti goma ka ji zafin jikinta. Kuma in da hali, kada ka rabu da 6D sai ka yi biki biyu ko uku da sabuwar hannunka ya saba da ita.