Yadda ake faɗin manufa a jimlar Turanci

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na rubuta "I came here for learning English" a wani aikin aji, sai malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin "for learning", ya ce ba daidai ba ne. Ni kuwa a sanina "for" ita ce "don". Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yar'uwa, malaminku ya yi gaskiya, amma tambayarki ta taɓa wurin da yawancin masu koyon Turanci suke tuntuɓe, kuma asalin matsalar daga wadatar Hausa take. Kalmar "don" ita kaɗai tana ɗaukar nauyin da Turanci ya raba wa kalmomi da dama, saboda haka duk wanda ya ɗaura ta da "for" kawai zai riƙa kuskure.

Abin da nake so ki fara tambayar kanki shi ne: wa zai aikata aikin na biyu? Idan wanda ya yi aikin farko shi ne zai yi na biyun, to "to" ake sawa, sai aikatau ya biyo baya tsurarsa, ba tare da wani ƙari ba. Ke kika zo, ke kuma za ki koya, don haka jimlarki ita ce "I came here to learn English". A rubutun hukuma ko na ilimi ana iya tsawaita ta zuwa "in order to" ko "so as to", ma'anar ba ta sauya ba, sai dai maganar ta ƙara nauyi. Shawarata ita ce kada ki yawaita su, domin gajeriyar ta wadatar a mafi yawan wurare. Inda suke da amfani na gaske shi ne wajen korewa, wato abin da muke cewa "don kada". Jimlar "ta yi magana a hankali don kada ta tashi jaririn" takan zama "She spoke quietly so as not to wake the baby", kuma ki lura cewa "not" tana zuwa ne kafin "to".

Idan kuwa mai aikin na biyu wani ne daban, sai "so that", wadda take buƙatar cikakkiyar jimla a bayanta, da mai aikatawa da aikatau. A nan Hausa za ta taimake ki ƙwarai, domin mun riga mun saba bambanta "don in gani" da "don ya gani". Misali, "na buɗe tagar don ya gani" ita ce "I opened the window so that he could see". Galibi "can" ko "will" ne suke biyo baya idan ana maganar yanzu ko nan gaba, "could" ko "would" kuma idan abin ya riga ya wuce.

Sai mu koma kan "for" ɗin da ta jawo tambayar. Tana nuna manufa idan suna ne ya biyo ta, kamar "I came for an interview". Tana kuma karɓar aikatau mai "ing" a ƙarshe, amma a lokacin amfanin wani abu ake bayani, kamar "This knife is for cutting bread", wato wuƙar nan ta yankan burodi ce. Jimlarki ba amfanin wani kayan aiki take faɗa ba, niyyarki ce ta zuwa, shi ya sa aka ja mata layi.

Ki kuma kiyaye "don" ɗin da take nufin "saboda". A "na makara don mota ta lalace" babu manufa ko kaɗan, sanadi ne, kuma "because" ce ta dace da ita.