Kada Ka Fara Zargin Direba

Ka ce katin talabijin na kwamfuta da aka kawo mana jiya yana ta rubuta i2c timeout da lamba -110, don haka a sauke direban, wato manhajar da ke sarrafa katin, a ɗora wani. Dakata tukuna, yaro. Jawo kujera.

Wannan I2C wayoyi biyu ne kacal, SDA mai ɗaukar saƙo da SCL mai buga lokaci. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a farkon shekarun 1980. Ta kan wayoyin nan babbar IC ta katin, wato guntun lantarkin da ke jagorantar sa, take yi wa tuna (mai kamo tasha) da dimoduleta (mai fassara siginar da aka kamo) magana. A Linux, babbar manhajar da kwamfutar ke aiki da ita, -110 na nufin an yi sallama, an tsaya a ƙofa, lokaci ya ƙare ba a gama amsawa ba. Direban labari kawai ya kawo maka.

Abu na farko, kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka zare fulogi daga soket, ka bar ta kamar minti ɗaya. Ban ce ka sake kunna ta daga cikin manhaja ba, domin wannan ba ya yanke wa katin wuta sosai. Wani lokaci IC takan maƙale a tsakiyar saƙo, ta riƙe SDA a ƙasa, ta hana kowa magana har sai wuta ta ɗauke mata. Katuna da yawa na tayar da wannan kaɗai.

In kuskuren ya dawo, buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da Linux ya rubuta, ka karanta daga sama. Kuskurenku ku yara shi ne kallon layin ƙarshe, alhali ciwon yana can baya. Dimoduleta irin Si2168 sai an loda mata fayil ɗin firmware, wato 'yar manhajar da take aiki da ita, daga /lib/firmware kafin ta yi aiki. Kuma a katuna da yawa tuna tana bayan dimoduleta ne, ita ke buɗe mata ƙofa. In mai gadi bai farka ba, wa zai kai ka wurin maigida? Sai ka ga ana kuka da tuna, ita kuwa lafiyarta ƙalau.

Daga nan ɗauko mitar auna wuta. Lokacin da ba a magana, SDA da SCL duka su zauna a sama, yawanci wajen volt 3.3, saboda rizistocin da ke jan su. Wanda ka samu a sifili, nan matsalar take.

Tunda katin na tauraron ɗan'adam ne, kwance wayar dish ka gwada. Katin ne ke tura volt 13 ko 18 zuwa LNB, na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina, kuma silin waya guda da ya taɓa tsakiyar kan fulogin ya isa ya janye wuta ya rikita komai. Na taɓa ɓata yini guda a kan irin wannan, har yau ina jin ciwon abin.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za mu canza wa katin rami a kan babban fanel ɗin kwamfutar, sannan mu taɓa direba. Tashi ka zare fulogin, ka kawo mini abin da dmesg ya rubuta tun daga layin farko.