Tambaya da Amsa: Matasa sun wuce shekarun labari?

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ina koyar da matasa a Makarantar Lahadi a wata majami'a a Sabon Gari, kuma yawanci da labari nake koyarwa: Yusufu da 'yan'uwansa, Rut, Daniyel. Wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce yaran nan sun girmi labari, in ba su koyarwa da haddar ayoyi. Raina ya sosu, amma ina tsoron ko gaskiyarsa ce. Wata malama, Kano.

AMSA: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Kada ki riƙe dattijon a zuci. Tsoronsa kada matasa su tashi ba su san abin da suka gaskata ba, ni ma ina da wannan tsoron. Amma a kan labari kam, ban goyi bayansa ba.

Buɗe Maimaitawar Shari'a 6:20. Musa ya ce in ɗanka ya tambaye ka ma'anar dokokin nan, ka gaya masa dā mu bayin Fir'auna ne a Masar, Ubangiji ya fisshe mu. A kan doka aka yi tambaya, da labari aka amsa. Yaron bai taɓa taka Masar ba, amma daga ranar ya shiga sahun waɗanda aka fisar.

Dawuda kuwa ai ba yaro ba ne sa'ad da annabi Natan ya same shi. Sarki ne, ya san doka sarai, saninta bai hana shi ɗauke matar Uriya ba. Natan ya ba shi labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, tana ci daga abincinsa, tana sha a ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa, sai attajiri ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci da bakinsa, sannan Natan ya ce masa shi ne mutumin. Ta wace ƙofa kuma za a shiga zuciyar sarki a ranar?

Masana tauhidi sun daɗe a kan wannan batu. Hans Frei na Jami'ar Yale a Amurka ya nuna a 1974 cewa tun ƙarni na 18 malaman Turai suka koma tonon tarihin da ke bayan labaran, ko tatsar darasi daga cikinsu, suka bar labarin kansa a ƙasa. Stanley Hauerwas ya ƙara da cewa labarin Yesu ne ke gina halin ikilisiya. Ko shaidar bangaskiyar da muke furtawa a sujada, ki saurare ta da kyau: an haife shi, ya sha wahala a hannun Bilatus Babunti, an binne shi, ya tashi. Labari ne aka taƙaita.

Abin da ya fi damuna shi ne labaran da matasanki ke ji a gida. Suna jin na rikicin Kano na Oktoban 1991 da na Mayun 2004: shagunan da aka ƙone, dare a bariki, 'yan'uwan da suka bar Kano ba su dawo ba. Gaskiya ne, ba na cewa a ɓoye. Amma na san gidajen da maƙwabci Musulmi ya shigar da su ɗakin matarsa, ya tsaya a bakin zaure ya ce babu kowa a ciki. Wannan ma ya faru, sai dai ba a cika faɗarsa ba, yaro kuma da abin da aka maimaita masa yake girma. In tsoro kaɗai muka ba su gado, da wane ido za su kalli mai shagon da ke ba uwarsu bashin gari? Nawa ne cikinsu suka san tun 1943 Asibitin Ido na ECWA ke duba Musulmi da Kirista a layi ɗaya a garin nan? Ko cewa tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan shekarun da Likita Miller, wani Bature ɗan mishan, ya yi yana aikin fassara a Zariya tare da Hausawa?

Kada ki daina hadda, ki sa ayar bayan labarin da ya haife ta. Kada kuma ki wanke mutanen Littafi: ki bar Bitrus da musunsa, Yunusa da fushinsa. Ki je ki gai da dattijon a gida, ki roƙe shi ya zo aji ya faɗa wa yaran yadda ya ba da gaskiya da yadda ya zo Kano.

Lahadi mai zuwa ki ɗauko Luka 10, labarin Basamariyen da ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka raunata. Ki fara bayyana musu cewa Yahudawa ba sa cuɗanya da Samariyawa, sannan ki karanta, ki tsaya a aya 36 inda Yesu ya yi tambaya, ki bar su su amsa da kansu.