Idan mai mota ya ce ta fita daga ransa

Jiya bayan la'asar muna tattara kayan aiki ka tare ni da tambaya: "Maigida, mutumin nan mai baƙar ƴar Jamus ya ce motar ta fita daga ransa, yana so ya sayar ya sayi Corolla ko RAV4, ya nemi shawararka. Me ya sa ba ka ba shi amsa ba, sai ka karɓi makulli ka fita da ita, ka dawo ka ɗora ta bisa rami? Ni da ni ne, cewa zan yi ya riƙe abarsa. A bar silinda shida a koma huɗu ai ci baya ne." Kiran magariba ya katse mu, to ga amsarka yanzu, ɗana.

Idan mutum ya shigo gareji ya ce motarsa tana hayaƙi, ba ka ce masa ya je ya sayar. Murfin inji kake buɗewa ka duba. "Ta fita daga raina" ita ma ƙara ce irin wannan, sai an bincika. Wani motar ce ta gaji a ƙarƙashinsa bai sani ba. Wani kuma motar lafiyarta ƙalau, zamansa ne ya sauya har motar ta daina yi masa daidai. A baki maganarsu ɗaya ce, shi ya sa nake fara tambayar motar kafin in tambayi mai ita.

Daɗin mota mai gudu a ƙafafunta yake tun kafin a zo ga inji, kuma a hankali yake zurarewa. Amortisa, wadda mutanen Kano ke ce wa shokozoba, ba ta mutuwa dare ɗaya. Yau ta rage kaɗan, wata mai zuwa ta ƙara ragewa, mai motar yana sabawa yana tafiya, har ranar da zai ji tuƙin ya daina yi masa daɗi ya rasa dalili. Ka tuna abin da muka gani da na kira ka cikin ramin na haska fitila. Amortisar gaba ta dama ta zubar da mai, jar ƙasa ta manne a jikinta ta yi ɓawo. Robobin hannun taya sun tsattsage, na sa ƙarfe na ɗan ɓanɓara, hannun ya motsa kamar haƙori mai girgiɗi. Tayu huɗu, kamfani uku. Na nuna maka lambobi huɗun nan da ke gefen taya, 2316, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2016. Robar ta bushe ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba. Matatar iska kuwa da muka buga ta a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi har ka yi tari. Motar da ke wannan hali za ta riƙa yawo a hanya, sitiyari ya yi sako-sako, inji ya riƙa numfashi da ƙyar. Ina daɗi a nan?

Na taɓa yin gaggawa a irin wannan, kuma har yau abin yana damuna. Wani malamin makaranta ya zo da irin wannan ƙara, ban ɗora motar a rami ba na ce masa ai motocin nan ba namu ba ne, ya rabu da ita. Ya sayar da ita da araha. Wanda ya saya ya kawo mini ita, muka sa amortisa huɗu da robobi da tayu iri ɗaya, mota ta dawo kamar ranar da aka sauke ta. Malamin ya gan ta a unguwar Wadata a nan Yamai ya gane ta. Bai ce mini komai ba, amma bai sake kawo mini aiki ba, kuma da gaskiyarsa.

Sai dai mutumin jiya, bayan na gama da motar na zaunar da shi a benci na sa aka kawo shayi, na ga matsalarsa ta wuce amortisa. Na tambaye shi ina yake zuwa da ita, su wa yake ɗauka, kuma kwana nawa ta yi a ajiye a bara tana jiran kaya. Ya sayi motar yana saurayi, gida a unguwar Filato a nan Yamai, aiki a Filato, kwalta tun daga ƙofa har ƙofa. Yanzu yana da iyali da yara biyu, an mai da shi aiki garin Tawa, ƙauyensu kuma yana can bayan Keita. Da ya ce mini mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa ta kasa shiga kujerar baya ta motar nan mai ƙofa biyu ranar suna, sai da aka nemo mata taksi, ya yi shiru ya sunkuyar da kai. A nan na san inda motar ta fita daga ransa, kuma babu sifanar da za ta gyara wannan.

Ka ɗauki hanyar da zai riƙa bi. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, a Tsarnawa ka karya arewa ka bi ta Badagishiri. Kowane gari da tudun rage gudu a mashiga da mafita, wani an yi shi da kyau, wani kuwa kamar kunyar gona. Motar nan cikinta kusa da ƙasa yake, ka ga yadda robar da ke rufe ƙarƙashin inji ta ɓace gaba ɗaya, kwanon baƙin mai duk ƙarzuwa. Kwanon nan na alminiyom ne. Na ƙarfe yakan lotse ya ci gaba da tafiya, na alminiyom fashewa yake, mai ya tsiyaye a daji, inji ya kama.

Sannan ka koyi karanta taya, don a can ne rabin maganar take. Tasa 225/45 R17 ce. Faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan santimita 10 na roba tsakanin ƙarfen taya da hanya. Ta Corolla, 195/65 R15, tana da kusan santimita 13. Ta RAV4, 215/70 R16, santimita 15. Gajeren gefen nan shi ne ke sa motar ta manne a kwana har ka ji tana bin hannunka, kuma shi ne ke sa rami ɗaya a kwalta ya kumbura taya ya lanƙwasa ƙarfenta. In ta fashe a Dogon Dutsi da dare, mai faci zai iya nemo maka lamba 15, wato R15 irin ta Corolla, ta hannu kafin shayi ya tafasa. Lamba 17 mai gajeren gefe sai an aiko daga Yamai.

Waɗanda suka ƙera ta ba su yi kuskure ba. Sun yi ta ne don ƙasarsu, inda akwai manyan hanyoyin da a wasu wuraren ma ba a ƙayyade gudu ba, kuma sanyi ya fi zafi yawa a shekara. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, wani lokaci ya taɓa 45. Tankin ruwa da bakunan lagireto na roba, bayan shekara ashirin a wannan rana, sukan yi ƙarfi su fashe ba sallama. Allurar zafi ta haura sau ɗaya direba bai lura ba, kan inji ya karkace, juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, an shiga aikin jika ɗari-ɗari, kowace jika sefa dubu. Damina ma da nata. Mashigar iskar irin waɗannan motoci a ƙasa-ƙasa take, kuma ruwa ba ya matsuwa cikin silinda yadda iska take matsuwa, sai dai ƙarfe ya lanƙwashe. Ka ga irin motocin da aka jawo mana a daminar 2024, lokacin da ruwa ya datse hanyoyin shiga Yamai. To balle ƙoramun Adar, yankin Tawa, inda ake jira ruwa ya janye a ratsa ta cikin yashi da duwatsu.

Ga kuma kaya. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, tsakanin Nijar da Benin, a 2023, abin da a da yake zuwa daga Kwatano cikin ƴan kwanaki sai ya zagayo ta Lome da Burkina Faso, ko a nemo shi ta Najeriya. Corolla ba ta ji wannan sosai ba, saboda taksin Yamai masu jan kai yawancinsu Toyota ne, kayansu sababbi da na hannu sun cika kasuwa. Shi kuwa ya gaya mini a bara motarsa ta yi fiye da wata guda a ajiye tana jiran famfon ruwa.

Kuɗin mai shi ne abin da masu mota suka fi kawowa, amma ni a baya nake sa shi. Ka yi lissafin da kanka. In tasa tana shan lita 13 ko 14 a kilomita ɗari cikin gari, Corolla tana shan 8 ko 9, bambancin lita 5 ne. Mai yin kilomita 1,500 a wata ya ƙona ƙarin lita 75. A farashin sefa 499 da aka sa wa litar esans, wato fetur, a 2024, jika 37 da ɗoriya ke nan kowane wata. A bidanj ma, wato canjin baƙin mai, tasa lita shida da rabi take sha na mai tsada, Corolla kusan huɗu. Kuɗi ne, amma mai son motarsa yakan biya wannan bai ji ba. Ranar da ya fara lissafin, to son ya riga ya yi sanyi.

Tsakanin biyun da ya ambata, kada ka ɗauka mai tsayi ita ce ta fi ko da yaushe. RAV4 ta fi shan mai, tayunta sun fi tsada, mai jan ƙafa huɗun kuma tana son tayu huɗu iri ɗaya masu ci ɗaya, in ba haka ba kayan da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya suke wahala. Wanda zai je ƙauye sau biyu a shekara, sallah da sallah, Corolla mai dogon baya ta ishe shi, ta ɗauki yara da buhun hatsi. Wannan kuwa ya ce duk ƙarshen wata sai ya je ya ga tsohuwa, rani da damina. Shi RAV4 na nuna masa.

Na kuma gaya masa abin da zai rasa, domin ɓoye shi cin amana ne. Ya saba in ya taka, mota ta wuce tirela kafin ya gama bismillah. Da silinda huɗu da iyali da kaya a baya da na'urar sanyi a kunne, wucewar nan za ta ɗauki fili ninki biyu, kuma ƙafarsa ba ta san haka ba tukuna. Watannin farko su ne masu hatsari ga wanda ya sauko daga mota mai ƙarfi, musamman tsakanin Doso da Dutsi inda manyan motoci suke jere. Sai ya sake koyon haƙuri a bayan tirela, ya saukar da giya kafin ya fita, ya bar abin da a da yake iya yi. Zai kuma yi kewar ƙarar injin nan da safe. Na ce masa zai yi, kada ya ɗauka kuskure ya tafka in ya ji haka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole ka ji. Motar nan tana ciyar da garejinmu. Duk wata biyu sai ta shigo, kuma aikinta da kuɗi. In ya koma Toyota, bidanj da birki kaɗai za mu riƙa ganinsa, Tawa ma zai tafi da ita. Bakanike yana jin wannan lissafin a cikinsa lokacin da ake neman shawararsa, ko ya so ko bai so ba. Ka san yana nan, ka ture shi gefe. Haka ma son da kake yi wa motar. Na ga yadda kake shafa ta in ka gama wanke hannu, na ga kana tsayawa ka saurari injin, kuma ina jin daɗin haka, don wanda ba ya son inji ba ya zama gwani. Ka riƙe son nan ka zuba shi a koyo. Motocin fetur na Turai tun daga 2001 suna da mashigar da ake jona kwamfuta a karanta ciwonsu, masu iya wannan da kyau ba su da yawa a garin nan, ina so ka zama ɗaya daga cikinsu. Amma in mutum ya zauna a bencin nan yana neman shawara, iyalinsa da hanyarsa da aljihunsa ake dubawa, naka sha'awar ta jira.

Gobe da safe ka sauke amortisan gaba biyu da robobin, ka canza matatar iska, ka duba tankin ruwa ko ya fara farin gishiri a bakinsa. Abin da ba mu gyara ba ka rubuta shi a takarda, mai saye zai gani da idonsa, haka muka yi da mai motar. Ranar Asabar za mu raka shi ganin wata RAV4 a unguwar Harobanda, kai za ka fara dubawa ni ina bayanka. Sunan kamfani ba ya ceton motar da aka wulaƙanta. Kada ka yarda da lambar kilomita sai ka dubi cin robar birki da sitiyari da kujerar direba, ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko akwai farin kumfa, ka kwanta ka duba tsatsar gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara. Ka zo da fitila da maganaɗisu don gano inda aka cike jiki aka shafe da fenti. Ƙarfe bakwai za mu tashi, ina so mu same ta injin da sanyinsa, kafin mai ita ya tayar.