Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙirgen Halin Yaro

Tambaya: Anti don Allah, yarona mai larurar otizim (larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane) in ya fusata yana buga kai a bango, malamarsu wai in riƙa ƙirgawa ina zana giraf, ni fa ban ga amfanin ba. Daga wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Maman yaro, malamar nan ta san aikinta wallahi. A tsarin ABA, wato hanyar nazarin hali da gyara shi da ake amfani da ita wajen koyar da irin waɗannan yara, ba a cewa "ya yi sauƙi" da ka, ido yana ruɗin mutum musamman ranar da kika kwaso gajiya. Ki samu littafi, duk bugu ɗaya ki ja kara ɗaya, kuma lokaci guda kullum, misali daga la'asar zuwa magariba, kar yau awa ɗaya gobe awa uku lissafin ya rikice. In kuka ne, mintoci za ki duba a waya.

Giraf ɗin, wato zanen da zai nuna miki hawa da saukar bugun, ranaku a layin ƙasa, adadi a na tsaye, kowace rana ɗigo ɗaya sai ki haɗa su. Kwana biyar na farko kar ki canza masa komai sai dai ki tare kansa da filo, shi ne ma'auninki. Ranar da aka fara sabuwar dabarar rage bugun ki ja layi tsaye, kar ki haɗa ɗigon ɓangarorin biyu. Ki kai mata littafin duk sati.