Yadda za a wayar da kan matasa kan cututtukan jima'i ta kafafen sada zumunta

Malama, kin tambayi yadda ƙungiyarku za ta isar da wannan saƙo ga matasan Kaduna ta waya ba tare da an zarge ku da koyar da fitsara ba.

Ku fara da WhatsApp. Saƙon murya na minti ɗaya cikin Hausa ya fi dogon rubutu tafiya, kuma ba ya cin data sosai. Ku raba zauren mata da na maza, in ba haka ba kunya za ta rufe bakin kowa. Ma'aikaciyar jinya ko likita ne zai riƙa amsawa, masu tambaya kuma su turo ta akwatin sirri, a wallafa amsar ba suna.

Kowane saƙo ya ɗauki magana ɗaya tak. Misali: wanda ke tsoron ya ɗauki ƙanjamau, ko wadda aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya, PEP, amma sai an fara shi cikin awa 72 da faruwar abin, a sha kwana 28. Sai ku faɗi inda za a je, kamar asibitin Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Haka batun ciwon sanyi: shan ƙwayoyin kemis barkatai yana sa cutar ta daina jin magani, kuma dole a yi wa abokin zama magani tare.

Hoton al'aura kuwa ku guje shi, Facebook da TikTok kan sauke shi, iyaye ma su juya muku baya. Kafin ku saki saƙo, ku nuna wa malamin unguwa ko fasto, ku nemi KADSACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jihar Kaduna, ta duba muku bayanan.